Kawu Mai Fenti da Fuskar Inna

Daga Allah muke, gare shi za mu koma. Kawuna, yayan mahaifiyata, ya cika a gidansa na Kalgo ranar wata Talata da hantsi, lokacin da mutane suka duƙufa yankan shinkafa a fadama. Kafin azahar an sallace shi an kai shi makwancinsa.

Na zauna zaman makoki da yawa a rayuwata, amma ban taɓa ganin wanda aka yi ta cewa "ya huta" kamar nasa ba. Matarsa ce ta fara faɗa, hawaye na zuba tana murmushi, domin ita ta yi shekara biyu tana juya shi a kan katifa tun da ɓarin jikinsa na dama ya shanye. Direbobin tasha suka zo a ayari, suka cika ƙofar gida, kowa yana ba da labarin abin da marigayin ya zana masa a bayan mota. Mai askin bakin kasuwa ya yi kuka har da majina, sannan ya koma yana ba da labarin da ya sa maza dariya a kan tabarmar gaisuwa, har liman ya yi gyaran murya. Wata tsohuwa daga Diggi ta kawo ƙwaryar gumba, ta ce ita ba ta san sunansa ba ma, Mai Fenti kawai ta sani. Wasu kuma, ba zan ɓoye ba, sun yi addu'a da kyau, suna fita suka ce Allah dai ya yafe masa zane-zanen nan.

Ni ma na ji sauƙi da ya tafi, kuma ban ji kunyar jin haka ba. Wanda ya ga yadda ciwo ya mayar da shi ba zai roƙa masa ƙarin kwana ba. Sai dai nawa sauƙin bai cika ba, saboda ya bar mini wasiyya, kuma wasiyyar tana jingine a bayan ƙyauren ɗakinsa, an lulluɓe ta da tsohon zani. Allon katako ne da ya zana fuskar mahaifiyarsu a kai, wato kakata, wadda kowa ke kira Inna. Ya ce idan ya mutu in shafe shi da farin fenti.

Inna ta rasu ina ciki, aka haife ni aka mayar mini da sunanta. Shi ya sa duk 'ya'yanta ba mai kama sunana, Inna suke ce mini, kuma tun ina ƙarama na gane gatan da ke ciki, ina yi musu tsiwar da wata 'ya ba ta isa ta yi ba. Ita kuwa ba ta taɓa yarda an ɗauke ta hoto ba, ko mai hoto ya shigo gidan biki ɗaki take shigewa. Saboda haka duk duniya ba inda fuskarta ta rage sai a kan allon nan. A nan na san tana da wushirya, a nan na san goshina nata ne.

A Gwandu aka haifi Kawu, a gidan malamai. Yayansa, wanda muke kira Kawu Malam, ya bi hanyar gida, yau shi ke da zauren kakanninmu da ɗalibansa. Shi kuwa Kawu tun a makarantar allo aka gane inda ya dosa, don gaban allonsa karatu ne, bayansa kuwa raƙuma da masu dambe. Ya sha bulala har bulalar ta gaji. Da ya girma ya tattara ya koma Kalgo, inda akwai tasha da manyan motoci, ya kama shago. Duk wanda ya rayu a Kalgo a shekarun nan ya ga hannunsa ko bai sani ba: kawunan samari a allon mai aski, mace da jariri a bangon ɗakin shan magani, ɗan kokawa a bayan motar shanu, masunci da ƙaton giwan ruwa a ƙofar mai gashin kifi. Har daga garin Malisa ake zuwa ɗaukarsa a babur. Wannan kafin masu buga hoto da na'ura su zo su kwashe sana'ar.

Mutum ne mai son surutu idan yana wanke buroshi da kananzir, amma idan yana zane ko sallama ba ya amsawa. Kuma yana da wata ɗabi'a da ke ba mutane tsoro. Idan kana magana da shi, ba idonka yake kallo ba, ƙashin kumatunka yake kallo, ko yadda wuyanka ya zauna a kafaɗa. Wata amarya ta taɓa kai ƙararsa wurin matarsa. Da aka tambaye shi sai ya ce shi bai ma lura amarya ce ba, haɓarta ce irin ta mutanen Bunza.

Ya gaya mini abin ya samo asali ne daga wani aiki da aka ba shi a firamaren da nake koyarwa yanzu, na zana ƙwarangwal a bangon aji don darasin kiwon lafiya. Ya yi sati yana nazarin hoton a littafi, yana lalube jikinsa yana ƙirga haƙarƙarinsa. Daga ranar, in ji shi, bai sake zana mutum daga fata ba. Sai ya fara jera ƙashi da alli, sannan ya sa nama, sannan ya tufatar. Yakan ce kowa ka gani a kasuwa da gawarsa yake yawo a cikin riga, ya kai ta gona, ya kai ta biki, yana shafa mata turare. Ba da baƙin ciki yake faɗa ba, yana tauna goro yake faɗa, wani lokaci har da dariya.

Hannu ya fi ba shi wahala. Ya ce fuska tana iya yin ƙarya, a sa mata kwalli da murmushi, amma hannu ba ya ɓoye shekarun mai shi ko aikin da ya ci. Idan manomi ya zo a zana shi, sai ya yi ta ƙoƙarin tura hannayensa cikin aljihun riga, Kawu kuma ya yi ta fito da su. Na taɓa tambayarsa wane zane ne ya fi gamsar da shi, ya ce babu, don duk wanda ya zaunar a gabansa, kafin fenti ya bushe mutumin ya riga ya ƙara tsufa, wanda ke kan allo wani ne da ya wuce.

Rigimarsa da Kawu Malam a kan allon Inna ta tashi. Bayan rasuwarta ya rufe shago kwana arba'in, ba wanda ya san me yake yi, ashe zana ta yake da ka. Labari ya kai Gwandu. Mahaifiyata ta ce Malam ya zo Kalgo da rana tsaka, ya tsaya a tsakar gida, ya ƙi shiga ɗakin, ya ƙi ko kallon ƙofar. Ya tuna wa ƙanensa abin da malamai suke karantarwa, cewa mai suranta abu mai rai za a ce ya busa masa rai ranar gobe, kuma ba zai iya ba. Ya ce bai ishe shi ya suranta 'yan dambe ba, sai ya haɗa da uwarsu tana kwance a kabarinta. Kawu dama bakinsa ba linzami, ya ce:

"Yaya, kai ka hardace littattafai, ni na hardace huskar uwarmu. Kowa da hardatai."

Malam ya juya ko ruwan da aka kawo masa bai sha ba. Daga nan zumuncinsu ya koma na suna da jana'iza, a gaisa a tambayi iyali, kowa ya kama gabansa. Shekara talatin da wani abu suna haka, kuma a tsawon wannan lokaci Malam bai taɓa ɗora ido a kan allon ba. Ni a raina na daɗe ina ba Malam laifi. Sai da na girma na gane tsoro ne yake ji wa ƙanensa, bai dai iya faɗarsa da taushi ba.

Maganar da Malam ya yi kuwa ta shiga Kawu, ta kwanta, ba ta tashi ba sai da furfura ta gama cin kansa. Wata rana ya je aski, yana zaune yana kallon allon da ya zana tun yana saurayi. Kawuna shida ne a kai, kuma duk samarin Kalgo ne na gaske, abokansa da ya zaunar ɗaya bayan ɗaya. Ya lissafa, ya ga huɗu suna ƙasa, shi ya raka su, ga su nan kuma a katako suna ta yaƙe da sabon aski. Ya dawo gida bai ci tuwo ba. Ya ce wa matarsa katako ya fi mu ƙwari, kuma shi bai san me zai ce ba idan aka jera masa mutanen nan aka ce to bismilla.

Abin da ya biyo baya duk Kalgo ta shaida. Ya ɗaura gwangwanin fenti a bayan babur ya shiga bin aikinsa yana roƙon masu shi su bari ya gyara. Ɗan kokawar motar shanu ya koma giginya da gulbi. Mai aski ya ce sam, kawunan nan su ke kawo masa ciniki. Suka yi kwana uku suna ja-in-ja, aka shirya a kan a bar askin a shafe fuskokin. Mutane suka yi ta zuwa kallon kawuna marasa ido da hanci, mai askin kuma har gobe yana rantsuwa cinikinsa ƙaruwa ya yi. Da ya zo makarantarmu na ɗauka ƙwarangwal ɗin ma zai tafi. Ya tsaya ya dube shi, ya ce wannan ya riga ya mutu tun ranar da aka zana shi, a bar wa yara abinsu.

Wuri ɗaya ya je ya dawo da gwangwaninsa a rufe. Akwai wata malama Kirista 'yar ƙasar Zuru da ta koyar da mu a aji uku. Mijinta ya rasu a haɗarin mota, ba ta da komai nasa sai ɗan hoton katin aiki da ruwa ya ci rabinsa. Kawu ya zauna da ita, tana kwatanta masa mijin yana zanawa yana gyarawa, har ranar da ta duba ta rufe baki da gyale, kuma ya ƙi karɓar ko sisi. Da na raka shi wurinta da buƙatarsa ta shafe fuskar ba ta yi musu ba, ta shiga ta ɗauko zanen ta miƙa masa. Ya dube ta, ya ce ta mayar inda yake. A hanya ya ce mini abin da ya bayar ya fita hannunsa, ba zai sa gwauruwa ta yi takaba sau biyu ba, Allah ya san abin da ya sa ya yi.

Allon Inna kuwa ba shi da wannan uzurin, don nasa ne, a ɗakinsa yake. Matarsa ta ce sau uku yana fito da shi tsakar gida, ya dama fenti, ya tsoma buroshi, sai ya zauna yana kallo har fentin ya yi fata a gwangwani, ya mayar ɗaki. Ana cikin haka ciwon ya same shi, hannun da zai yi aikin ya mutu tun kafin mai shi.

Wata ranar Juma'a bayan an sauko ya sa aka kira ni. Maganarsa ta riga ta yi nauyi, sai na kai kunne. Ya ce ga 'ya'yansa nan, amma ni ce mai sunan, ni ya ba. Raina ya ɓaci, na ce wannan ai rashin adalci ne, shi da ya zana ya kasa, sai ni da ban taɓa ganinta ba zai sa in kashe ta. Na ce to zan ɗauka a waya tukuna in ajiye. Ya girgiza kai, ya ce an kashe maciji ke nan ba a sare kansa ba, hoton zanen ma hannunsa ne. Sannan ya kama yatsana da hannunsa mai lafiya.

"Innata, tsoro nika ji. Kak ki bari in kwana da shi cikin kushewa."

Ban taɓa jin namiji babba ya faɗi haka a fili ba. Na ce na ɗauka, kuma daga ranar matarsa ta ce barcinsa ya daidaita.

Bayan an share makoki na rasa inda zan sa kaina. Mahaifiyata ta ce in kawo mata allon ta ɓoye a ƙarƙashin gado, wa zai sani, ai mamaci ba ya leƙe. Ita uwarta ce, ban ga laifinta ba. Amma ni na yi alkawari ga mutumin da ke jin tsoro, kuma duk ranar da ta wuce sai in ji kamar na bar shi tsaye a rana. Na sayi fentin, na buɗe, na rufe. A ƙarshe na yi dabarar matsorata. Na ce bari in kai wa Kawu Malam, na san zai daka mini tsawa ya ce in shafe yanzu-yanzu, in ya so in riƙa cewa shi ya tilasta ni.

Washegarin sadakar bakwai muka shiga mota ni da mahaifiyata zuwa Gwandu, allon a kan cinyata, gwangwani a jaka. Muka tarar Malam ya sallami ɗaliban safe. Shi ya sallaci ƙanensa a Kalgo, kuma ban ga ya zubar da hawaye ba, don haka ban sa ran komai ba. Na durƙusa na gaishe shi, na zayyana masa wasiyyar. Ya ce alhamdu lillahi da Allah ya nufi ɗan'uwansa da wannan niyya, wasiyya irin wannan cika ta ake yi, in je bayan zaure in shafe, ba sai an kware zanin ba.

Abin da na zo nema ke nan, amma da na ji shi sai zuciya ta ɗebe ni. Na ce masa shekara talatin yana hukunci a kan abin da bai gani ba, ni kuwa ba zan taɓa buroshi ba sai ya duba, in ya ga dama ya kore ni. Mahaifiyata ta dafe ƙirji. Ya dube ni ta saman tabarau, ya ce Inna ko a da haka take, ba a gama magana da ita. Na ɗauki wannan a matsayin izini, na janye zanin.

Ga Inna zaune a kan tabarma, ta ɗan karkata kai, kallabinta ya zame baya, hannayenta a kan ƙwaryar da take tsince wake. Malam ya cire tabarau ya goge da bakin rawani ya mayar. Ya matso har gemunsa ya kusa taɓa katakon. Ya daɗe a kan hannayen, musamman wani ɗan yatsa da ya lanƙwashe, wanda ni duk zamana ban lura da shi ba. Mahaifiyata ta ce turmi ne ya taɓa faɗo mata a kai.

"Ita ta," in ji shi. "Wallahi ita ta."

Sannan ya sa aka jingine allon a gindin ɗakinta na da, ya aika a kira matan gida, da jikoki, da tsofaffin unguwa da suka san ta. Ya ce kowa ya mayar da wayarsa aljihu, ya duba da idon da Allah ya ba shi. Tun hantsi ake shigowa har azahar ta wuce. Tsofaffi suna gaishe ta kamar za ta amsa, wata ta tuna mata bikin da suka je Malisa a ƙafa, aka yi kuka aka yi dariya. Shi kuwa yana gefe a kan buzunsa, in ban da salla ba abin da ya tashe shi. Ni ma na zauna na kalle ta, kallon da ban taɓa yi ba, ina bin ta gaɓa-gaɓa don in riƙe.

Da aka yi la'asar ya ce a kawo fentin. Na buɗe gwangwani, na tsoma buroshi, na miƙe. Sai ya miƙo hannu. Na ce Kawu ai ni aka ba, kuma kai ko riƙe shi ba ka iya ba.

"Ran da tar rasu, ni da shi munka kai ta," ya ce. "Anka ce mu shiga mu karɓe ta, yat tsaya bakin rami shina kuka, bai iya ba. Ni nis shiga ni ɗai. Yau ma bai iya ba, Inna. Ki bar mani, aikina na."

Na sakar masa. Ya yi bisimilla ya fara daga ƙafafu, a hankali, yadda ake naɗe mamaci, fenti na ɗiga a hannun rigarsa bai kula ba. Ya rufe tabarmar, ya rufe ƙwaryar da hannayen. Da ya zo fuska ya dakata, ya kira ƙanensa da sunan yarinta wanda ban taɓa jin kowa ya faɗa ba, ya ce ya kwanta lafiya, an sauke masa. Sannan ya shafa. A nan ne hawayen da bai yi a Kalgo ba suka zo masa, ya bar su suna bin gemu, a gaban mata da jikoki.

Na ɗauka zan ji kamar an yi mini sata. Abin da na ji shi ne irin sauƙin da mutum ke ji idan ya sauke tulu bayan doguwar tafiya. Muka kwana a Gwandu, na ci tuwon dawa malmala biyu, mahaifiyata tana harara ta.

Ya Allah, ga bawanka nan ya zo maka, mai yawan kallon halittarka, wanda ya ji tsoronka a ƙarshen kwanansa. Ka yafe masa abin da hannunsa ya yi, ka haskaka kabarinsa, ka sada shi da mahaifiyarsa. Mu da muka rage, ka sa mu cika da kyau.